Baƙo Raɓa Ne? Indiyawan Yuganda da Wa'adin Kwana 90

Washegarin ranar da aka bayyana cewa Zohran Mamdani ya lashe zaɓen magajin garin New York, a watan Nuwamban 2025, gardama ta kaure a majalisarmu bayan sallar isha'i. Wani matashi daga cikinmu ya ɗaga wayarsa yana murna cewa ɗan Afirka ya hau kujera, tunda a Kampala aka haifi mutumin a 1991, kuma sunansa na tsakiya Kwame ne, wanda mahaifinsa ya raɗa masa saboda Nkrumah. Wani dattijo mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya karɓi wayar, ya ƙura wa hoton ido na ɗan lokaci, sannan ya miƙa wa yaron abarsa ya ce: "Yaro, wannan ai Ba'indiye ne. Don an binne cibiyarsa a Kampala ba shi ke nan ya zama ɗan Yuganda ba. Baƙo raɓa ne." Aka yi dariya aka shiga wata hirar. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, musamman da na tuna cewa kasuwar da Alhaji yake cin abinci a cikinta sunan baƙi take amsawa, wato Kwarorin nan 'yan Lebanon da Siriya da suka fara jera kantunansu a wurin.

Ra'ayina a kan wannan batu shi ne, korar da Idi Amin, shugaban mulkin sojan Yuganda na wancan lokaci, ya yi wa mutanen asalin Indiya a 1972 zalunci ne tsantsa, duk da cewa ƙorafin da ya fake da shi ƙorafi ne na gaskiya wanda talakan Yuganda ya daɗe yana haɗiyewa, kuma a duk Afirka babu al'ummar da ya kamata ta fi mu Hausawa ƙyamar kalmar "baƙo raɓa ne" idan aka jefi jikan wani da ita.

Yawancin masu ba da labarin nan daga layin dogo suke farawa, alhali zuwan Indiyawa gaɓar gabashin Afirka ya girmi Turawa nesa ba kusa ba. Iskar da ke kaɗawa a tekun Indiya tana juya alƙibla sau biyu a shekara, saboda haka jiragen ruwa masu filafilai sukan taso daga yankunan Gujarat da Kutch na Indiya su sauka Mombasa da Zanzibar, su yi ciniki, su jira iskar ta juya ta mayar da su gida. A ƙarni na 19, lokacin da Sarki Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa Zanzibar, gidan wani attajiri Ba'indiye mai suna Jairam Sewji ne ke riƙe da kwastan na masarautar. Har zuwa wajen 1920, rufi na Indiya shi ne kuɗin da ake kashewa a Kenya da Yuganda.

Layin dogon ya zo ne a 1896, lokacin da Turawan Ingila suka fara shimfiɗa shi daga Mombasa, ya isa Kisumu a bakin tafkin Biktoriya a ƙarshen 1901. Sun ɗebo leburori kimanin 32,000 daga Indiya, galibinsu daga Punjab, a kan yarjejeniyar ƙwadago ta 'yan shekaru. Kusan 2,500 daga cikinsu sun mutu a bakin aiki, wasu da zazzaɓi da gudawa, wasu kuma zakoki biyu ne suka riƙa jan su daga cikin tantuna da dare a Tsavo a 1898. Mafi yawan waɗanda suka tsira sun koma gida, waɗanda suka zauna ba su kai 7,000 ba. Wannan adadi yana da muhimmanci, domin yana nuna cewa al'ummar da ta yaɗu daga baya ba duka jikokin leburori ba ce. Akasarinsu ƙananan 'yan kasuwa ne da akawu da kafintoci da teloli da suka biyo layin dogon da ƙafarsu, kowa ya sami tasha ko mararraba ya kafa rumfar kwano, yana sayar da gishiri da kananzir da ƙyalle da ashana, yana kwana a bayan kanta. Kalmar "duka" da ake kiran kanti da ita a Suwahili ta zama tamkar sunansu. Wanda ya fi shahara a cikinsu, Allidina Visram, yana yaro ɗan shekara 12 ya sauka Zanzibar daga Kutch, kafin rasuwarsa a 1916 kuwa kantunansa sun miƙe daga bakin teku har cikin Yuganda. Daga baya Nanji Kalidas Mehta ya kafa masana'antar sukari a Lugazi a 1924, Muljibhai Madhvani kuma ya kafa tasa a Kakira a 1930.

To, daga ina ƙiyayyar ta samo asali? A nan ne ya kamata mai neman gaskiya ya ɗan daɗe, domin duk wanda ya ba da labarin 1972 ba tare da wannan ɓangare ba ya ba da rabin labari ne. Turawan mulkin mallaka sun gina gabashin Afirka kamar bene mai hawa uku: Bature a sama, Ba'indiye a tsakiya, baƙar fata a ƙasa. Makaranta daban, asibiti daban, unguwa daban, matakin albashi daban, ko da aikin iri ɗaya ne. A Kenya an hana Ba'indiye mallakar gonaki a tsaunukan nan masu ni'ima da aka keɓe wa Turawa, saboda haka kasuwa da ofis kaɗai aka bar masa. Shi kuma ɗan ƙasa aka tsare shi a gona, aka ɗora masa haraji, aka toshe masa hanyar lasisi da rance. A Yuganda manomi shi ke shuka auduga, shi ke nomanta, shi ke tsinta, amma injinan gurza kusan duka a hannun Indiyawa suke, kuma dokar gwamnati ta sa da wuya ɗan ƙasa ya kafa nasa. Duk wanda ya taɓa jin dattawanmu suna ba da labarin awon gyaɗa a zamanin dala, da yadda manomi ke tsayawa yana kallon sikeli bai san abin da allurar ke faɗi ba, ya san irin zafin da ake nufi. Manomin Buganda, masarautar da Kampala ke cikinta, bai taɓa ganin gwamna ba, bai san wani ofishi a Landan da ke yanke farashi ba. Fuskar da ya sani ita ce ta mai sikeli. Shi ya sa a boren 1949 ɗaya daga cikin manyan buƙatun manoma, ƙarƙashin ƙungiyar da Ignatius Musaazi ya jagoranta, ita ce a bar su su gurza audugarsu su sayar da kansu, kuma a 1959 aka yi gangamin ƙaurace wa kantunan baƙi a Buganda. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Ba zan wanke Indiyawan da sabulu ba. Da yawansu sun karɓi matsayin tsakiyar nan sun ji daɗinsa. Sun killace kansu a cikin ƙungiyoyinsu na addini da na dangi, aure ba ya fita waje, kuma yadda wasunsu ke yi wa 'yan aikin gida da yaran kanti magana ya bar tabo a zukata. Lokacin samun 'yancin kai an ba su shekara biyu su zaɓi zama 'yan ƙasa, da yawa suka gwammace su riƙe fasfon Birtaniya, wasu kuma suka riƙa tura ribarsu waje, abin da ya sa ɗan ƙasa ya ga kamar ƙafarsu ɗaya tana ciki ɗaya tana waje. Sai dai adalci ya sa a ƙara da cewa dubbai daga cikin waɗanda suka nemi takardar zama ɗan ƙasa a Yuganda an bar takardunsu a ofis shekara da shekaru ba amsa. Wanda aka ƙi buɗe wa ƙofa ba a tuhumarsa da tsayawa a waje.

Ranar 4 ga Agustan 1972, a barikin soja na Tororo, Idi Amin ya sanar cewa Indiyawa masu fasfon Birtaniya su bar ƙasar, kuma daga baya ya ce a mafarki aka umarce shi. Wa'adin kwana 90 aka ba su, ya cika ranar 8 ga Nuwamba. A lokacin akwai kimanin mutum 80,000 'yan asalin Indiya da Pakistan a ƙasar. Bayan 'yan kwanaki ya faɗaɗa umarnin ya haɗa har da waɗanda suke 'yan ƙasa, sannan ya ce ya janye, amma aka sa kowa ya kawo takardunsa a tantance, kuma a wajen tantancewar nan aka soke na dubban mutane, suka wayi gari ba su da ƙasa ko ɗaya a duniya. An yarda kowane gida ya fita da kimanin fam 50 da 'yan akwatuna. A kan hanyar Kampala zuwa filin jirgin sama na Entebbe sojoji sun kafa shingaye, suna kwance agogo daga hannun maza, suna cire awarwaro da sarƙa daga jikin mata. Mutumin da aka haifi ubansa a Jinja ko Mbale, wanda bai taɓa taka Bombay ba, ya kulle kantinsa ya ajiye mabuɗi ya tafi.

Abin da ya biyo baya shi ne hujjata mafi ƙarfi. Da a ce dukiyar da aka ƙwace ta koma hannun manomin auduga, da sai mu ce an yi zalunci amma an share wa wani hawaye. Ba haka aka yi ba. Kantuna da gidaje da masana'antu aka raba wa hafsoshin soja da 'yan fada kamar ganima, har mutanen Kampala suka laƙaba musu suna "mafuta mingi", wato masu maiƙo da yawa. Wanda aka ba kantin yadi ya sayar da abin da ya tarar a kan kanta, ya cinye uwa da riba, domin bai san daga inda ake saro wani ba. Injinan Kakira da Lugazi suka tsaya ɗaya bayan ɗaya saboda babu mai gyara kuma babu kayan gyara. Ƙasar da take fitar da sukari waje ta koma neman sukari da gishiri da sabulu a kasuwar bayan fage, fasa-ƙwauri ya zama sana'a mai suna "magendo". Talakan da aka ce don shi aka yi abin, layi ya samu.

Kuma hannun da ya kori baƙo bai tsaya a kan baƙo ba. A watan Satumban 1972, wa'adin Indiyawa bai ma cika ba, aka shiga har harabar kotu aka tafi da Alƙalin Alƙalan ƙasar, Benedicto Kiwanuka, ba a sake ganinsa ba. A 1977 aka kashe babban limamin cocin Angilika, Janani Luwum. Sojoji 'yan ƙabilar Acholi da Langi tun 1971 ake yi musu kisan gilla a barikoki. Na san a cikinmu akwai masu kallon Amin a matsayin gwarzo, Musulmi wanda ya tsaya wa Turawa ido da ido, kuma ya ƙare rayuwarsa a Jidda a 2003. Ina tuna musu cewa dubbai daga cikin waɗanda ya kora Musulmi ne, Ismailawa da Bohra da 'yan Sunni, waɗanda suka gina masallatai da makarantu a garuruwan Yuganda, kuma kalmar shahada ba ta hana sojansa zare zobe daga yatsun matansu ba.

Akwai kuma wani ɓangare na tarihin nan da masu cewa "duk 'yan amshin shatan Turawa ne" ba sa so a ambata. Makhan Singh, wanda ya zo Nairobi daga Punjab yana yaro, shi ne ya aza harsashin ƙungiyoyin ƙwadago a Kenya tare da Fred Kubai, ya fito fili a 1950 ya nemi cikakken 'yanci, Turawa suka tsare shi shekara 11. Pio Gama Pinto, wanda iyayensa 'yan yankin Goa na Indiya ne, an tsare shi a zamanin tawayen Mau Mau da aka yi wa Turawa, kuma shi ne ɗan siyasa na farko da aka harbe a Kenya bayan 'yancin kai, a Fabrairun 1965. A shari'ar Kapenguria da aka yi wa Jomo Kenyatta da mutum biyar, cikin lauyoyin da suka tsaya musu akwai Achhroo Kapila da Fitz de Souza, kafaɗa da kafaɗa da lauyan Nijeriya H. O. Davies. Idan za a ɗora wa al'umma laifin mai sikeli, sai a rubuta mata ladan ɗan kurkuku.

Birtaniya ma ba ta fita da farin kaya ba. A 1968, da Indiyawan Kenya masu fasfonta suka fara zuwa, cikin 'yan kwanaki majalisa ta yi dokar da ta hana su shiga ƙasar da suke riƙe da fasfonta. A 1972 gwamnatin Edward Heath ta karɓi kimanin 28,000 daga Yuganda, aka sauke da yawa a tsofaffin sansanonin soja ana gab da shiga hunturu, amma hukumar birnin Leicester sai da ta biya kuɗi aka buga sanarwa a jaridar Uganda Argus tana roƙonsu kada su zo garin. Suka zo, suka farfaɗo da titin Belgrave da ya fara mutuwa. Kanada ta ɗauki kimanin 6,000. Shekara 50 cif bayan korar, a Oktoban 2022, Rishi Sunak, wanda aka haifi mahaifinsa a Kenya mahaifiyarsa kuma a Tanganyika, ya zama firaministan Birtaniya. Ba na son a mayar da wannan ya zama ƙarshen labari mai daɗi, domin bayan kowane attajiri da ake nunawa akwai tsohon da ya bar kantinsa a Masaka ya ƙare yana aikin dare a masana'anta har ya mutu bai sake ganin garin da aka haife shi ba.

Abin da ya sa maganar Alhaji ta dame ni kuwa yana cikin gidanmu. Wani kawuna a Kumasi aka haife shi, a zango, mahaifinsa fataken goro ne suka kai shi. Ya iya Asante kamar ruwa, Hausarsa ma da ɗan karin can take fita. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Ya iso Kano a bayan babbar mota da matarsa da 'ya'ya uku da kan keken ɗinki naɗe a cikin bargo, domin ƙafar keken ba ta sami wuri a motar ba. Har ya rasu idan ya ce "gida" sai mun tambaye shi wanne, kuma a nan ɗin ma "ɗan Gwanja" ake kiransa. Bayan shekara 13 da 'yan watanni, a Janairun 1983, gwamnatinmu ta rama, aka kori baƙi marasa takarda, cikinsu har da 'yan Gana kusan miliyan ɗaya, jakar da suka zuba kayansu a ciki kuma har yau sunan wannan kora take amsawa a kasuwanninmu. Muna da 'yan'uwa a Sudan waɗanda kakanninsu suka tsaya a hanyar Makka tun fiye da shekara 100, muna da su a Yawunde da Abidjan da Akara, muna da su a Jos da Shagamu da Ibadan, kuma kowannensu ya san ranar da ake tuna masa cewa shi raɓa ne. Mutumin da ɗan'uwansa ke zaune a zango bai kamata ya yi wa wani dariya a kan wannan ba.

Yuganda da kanta ta gane kuskuren. A 1982 gwamnatin Obote ta yi dokar mayar da kadarorin da aka ƙwace, Museveni kuma bayan hawansa a 1986 ya riƙa kiran waɗanda aka kora su dawo. Gidan Madhvani da na Mehta sun dawo sun tayar da injinansu. Mahmood Mamdani, mahaifin Zohran, wanda yana cikin waɗanda aka kora a 1972 har ya zauna a sansanin 'yan gudun hijira a Landan, ya koma Kampala ya koyar a Jami'ar Makerere. Amma mafi yawa ba su dawo ba, kuma da yawa daga Indiyawan da ke ƙasar yanzu sababbin zuwa ne daga Indiya, ba jikokin masu rumfar kwano ba. Tsohon miki kuma bai gama warkewa ba. A watan Afrilun 2007, da gwamnati ta yi niyyar yankar wani ɓangare na dajin Mabira ta ba kamfanin sukarin Mehta, zanga-zangar kare daji a Kampala ta rikiɗe ta koma farautar Indiyawa, aka kashe wani Ba'indiye a titi wanda ba shi da haɗi da kamfanin. An sake barin jaki ana dukan taiki.

Ga mai son ganin gadon da wannan al'umma ta bari, ba sai ya shiga gidan tarihi ba. A kowace kusurwa ta Kampala akwai saurayi da kasko yana soya ƙwai ya naɗe shi a cikin capati, abin da suke kira "rolex", kuma ɗan Yuganda zai rantse maka cewa abincin gargajiyarsu ne. Sambusa da shayi mai kayan ƙamshi haka suka shige kicin ɗin Kenya da Tanzaniya ba wanda ya tambaye su takarda. Abincin ya zama ɗan gari, mai abincin ne ake ta jayayya a kansa.

A ganina abu biyu ne za su rufe wannan jayayya, kuma kowane ɓangare da nasa. Attajiran Indiyawa su biya ma'aikacin rake da yaron kanti haƙƙinsa yadda ya kamata, su sa 'yan ƙasa a kujerun da ake yanke shawara, su koya wa 'ya'yansu Luganda da Suwahili, domin ba a zama ɗan gari daga bayan katanga. Hukuma kuma ta daina riƙe su a bakin ƙofa. Kenya ta yi nata a Yulin 2017, lokacin da Shugaba Uhuru Kenyatta ya ayyana 'yan asalin Asiya a matsayin ƙabila ta 44 a ƙasar. Yuganda kuwa, tsarin mulkinta na 1995 ya ɗaura zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa a kan jerin ƙabilun da aka ce suna cikin iyakokin ƙasar ranar 1 ga Fabrairun 1926. An lissafa ƙabila 56, aka ƙara suka zama 65 a gyaran 2005, kuma Indiyawa ba sa ciki, alhali a waccan ranar ta 1926 injin Lugazi ya shekara biyu yana matse rake, Allidina Visram kuma ya kusa shekara goma a kabarinsa a Kampala.